Yadda Ake Turara Lemo Kafin Ya Ƙetare Teku

A ƙarshen shekarar 2001, jami'an aikin gona na Amurka suka dakatar da shigo da wani nau'in tanjarin da ake kira kilemantin daga ƙasar Sifaniya. Dalilin shi ne an yanka wasu daga cikin 'ya'yan da suka riga suka shiga kantuna, sai aka ga tsutsa mai rai tana motsi a ciki. Tsutsar da ƙyar ta ɗara ƙwayar shinkafa tsawo, amma ta rufe wa manoman Sifaniya kasuwar Amurka ana tsakiyar kakar lemo, kuma ba a sake buɗe musu ita ba sai a watan Oktoba na 2002, bayan an ƙara tsaurara sharuɗɗa.

Mu a nan, in muka yanka lemo muka ga tsutsa, sai mu yi tsaki mu jefar mu ɗauki wani. A cinikin ƙasa da ƙasa kuwa, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ƙwaro ɗaya mai rai kan sa a mayar da kwantena guda inda ta fito, ko a lalata kayan da ke cikinta, ko ma a hana ƙasa baki ɗaya ciniki. Shi ya sa masu fitar da lemo suka ɗauki kashe ƙwari bayan tsinka a matsayin babban aiki, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin yin sa ita ce turara 'ya'yan da iskar gas mai guba a wurin da aka rufe ruf. A wannan makon za mu duba yadda ake yin aikin, da irin darasin da duniya ta koya daga gare shi cikin shekara fiye da ɗari.

Ɓarayin da ke bin lemo a ɓoye

Babban abin tsoro ga masu cinikin lemo shi ne ƙudan 'ya'yan itace. Wanda ya fi suna a cikinsu masana na kiransa Ceratitis capitata. A ƙasashen Turawa ana ce masa ƙudan Bahar Rum, alhali asalinsa ɗan Afirka ne, kudu da Sahara. Bai kai ƙudan gida girma ba, amma yana cin 'ya'yan itace da kayan lambu iri fiye da 200. Shi ne aka gani a cikin tanjarin ɗin Sifaniya.

Macen tana da tsinke a ƙarshen cikinta. Da shi take huda ɓawon lemo ta saka ƙwai a ƙarƙashinsa, ta tashi ta bar ɗan tabon da ido ba ya saurin kamawa. In akwai ɗumi, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu ko uku. Tsutsotsin su yi ta cin cikin lemon na mako ɗaya zuwa biyu, sannan su huda su fito, su faɗa ƙasa su shige cikinta, jikinsu ya yi ɓawo mai tauri. Bayan kamar mako ɗaya ko biyu, sabon ƙuda ya fito ya soma nasa zagayen. To ku duba: lemon da aka tsinka kwana ɗaya bayan ƙudan ya yi masa ƙwai, lafiya lau zai bayyana a idon mai tantancewa. Sai ya yi nisa a hanya ɓarnar za ta fito.

Ba ƙuda kaɗai ba ne. Akwai wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, Thaumatotibia leucotreta, wanda tsutsarsa ke rarake lemo. Shi ma ɗan Afirka ne, kuma shi ne ciwon kan manoman Afirka ta Kudu. Akwai kuma waɗanda ba sa shiga ciki, laɓewa suke yi a jikin ɓawo. A jihar Kalifoniya ta Amurka ana noma wani lemo mai cibiya a gindinsa, kuma in sanyi ya shigo, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu tsawon kusan milimita ɗaya kan shige cikin cibiyar su fake. Ƙasashen Ostireliya da Niyuzilan ba su yarda waɗannan ƙwari su shigar musu ba. Wani ƙwaron kuma yakan manna ƙwansa a ƙarƙashin ɗan koren tauraron nan da ke wurin da aka tsinko lemo daga reshe, kuma Koriya ta Kudu ta daɗe tana sa ido a kansa.

Me ya sa ƙasashe ke tsanantawa haka? Saboda in baƙon ƙwaro ya sauka a ƙasar da ba shi da abokan gaba, yaɗuwa yake yi ba ji ba gani. A 1929 an gano ƙudan Bahar Rum a jihar Fulorida. Sai da hukumomi suka killace gonaki, suka lalata 'ya'yan itace masu tarin yawa, suka kai har 1930 ana fama kafin su ga bayansa. Wanda ya taɓa ganin irin wannan, ba ya wasa da ƙofarsa.

Bambancin feshi da turarawa

Feshi kun san shi: magani ne na ruwa da ake watsawa, ya sauka a kan ganye ko ɓawo ya tsaya inda ya faɗa. Ƙwaron da ya shige lungu, feshi ba ya iske shi. Turarawa kuwa da iskar gas ake yi. Kamar yadda turaren wuta kan game ɗaki har ya kama tufafin da ke rataye a bayan ƙofa, haka gas ke ratsa tsakanin kwalaye, ya shiga cibiyar lemo da ƙarƙashin tauraronsa. Ɗalibanmu na ajin kimiyya za su tuna dokar: ƙwayoyin iska kullum suna barin inda suka yi cunkoso zuwa inda suke da ƙaranci, har sai sun baje ko'ina.

Ƙwari ba su da hanci da huhu irin namu. Da wasu ƙananan kafofi da ke gefen jikinsu suke shaƙar iska, ta bi ta siraran bututu ta isa kowane sashe na jiki. Ta nan gas ɗin ke shiga. Wannan ya sa zafi da sanyi suke da muhimmanci a aikin. In wuri ya yi ɗumi, ƙwaro kan yi numfashi da sauri, ya kwashi gubar da yawa. In ya yi sanyi, jikinsa kan lafa, numfashin ya ragu, sai an ƙara yawan gas ko an tsawaita lokaci. Haka kuma ƙwai, da tsutsar da ta riga ta yi ɓawo, galibi sun fi wuyar kashewa, domin numfashinsu kaɗan ne.

Yadda aikin ke gudana

Bayan an tsinko lemo, akan kai shi gidan tantancewa, a wanke, a fitar da mai rauni da mai tabo, a zuba mai kyau a kwalaye masu huji. Hujin nan yana da dalili, domin kwalin da aka naɗe da leda gam ba ya barin gas ya shiga. Sai a jera kwalayen a kan katakon ɗora kaya, a bar rata a tsakani yadda iska za ta zagaya.

Wurin turarawa kan zama ɗaki na musamman mai ƙofar da ke rufewa gam, ko kwantena, ko kuma a lulluɓe kayan da tamfol mai kauri a danne gefunansa da dogayen jakunkunan yashi. Kafin a saki gas, ma'aikaci zai soka ma'aunin zafi a cikin wasu 'ya'yan lemon, domin zafin cikin lemon ake bi wajen zaɓen awo. Daga nan a auna girman wurin a lissafa nauyin gas ɗin da ake bukata.

Gas ɗin da ya fi daɗewa a wannan aiki shi ne metil buromaid. A cikin tukunyar ƙarfe yake zuwa yana ruwa, amma da yake a digiri 3.6 na ma'aunin salshiyos yake tafasa, da an buɗe masa hanya sai ya koma iska. Ba shi da launi, kusan ba shi da wari, kuma ya ninka iska nauyi fiye da sau uku. Saboda nauyin nan, in aka ƙyale shi ƙasa zai kwanta, kwalayen sama su tsira. Don haka ake kunna fankoki su gauraya shi. Akan kuma zura siraran tiyo zuwa sama da tsakiya da ƙasan kayan, a riƙa zuƙo iskar ciki ana aunawa daga waje. In na'ura ta nuna gas ya yi ƙasa da abin da aka ƙayyade, to akwai inda yake zurarewa, kuma ba za a karɓi aikin ba.

Da lokaci ya cika, sai a kunna fankar fitar da iska. Ba wanda zai matso ba tare da abin rufe fuska na musamman ba, sai na'ura ta tabbatar gas ɗin ya fice. Kwantenar da aka turara akan manna mata gargaɗi mai hoton ƙoƙon kan mutum a ƙofa, da sunan gas ɗin da ranar da aka sa shi, don kada wani ɗan dako a wata tashar ya buɗe ya kutsa kai. A ƙarshe jami'in gwamnati ya duba, ya sa hannu a takardar shaidar lafiyar tsirrai. Wannan takarda ita ce fasfon lemo, kuma tsarinta ya samo tushe ne daga wata yarjejeniyar kare tsirrai da ƙasashe suka ƙulla a 1951 a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO.

Lissafin da ba ya karɓar kuskure

Ga misali mu gwada tare. A ce ƙa'ida ta ce a sa giram 32 na gas a kowace kubik mita na tsawon awa biyu. Kubik mita ita ce cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne mita ɗaya ne. Babbar kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar kusan kubik mita 67. In muka ninka 32 sau 67 za mu sami giram 2,144, wato kilo biyu da ɗan ɗoriya. In ma'aikaci ya rage, wasu ƙwarin za su rayu. In ya zarce, ɓawon lemon kan yi tabo ruwan ƙasa, ya kuma yi saurin lalacewa. Tsakanin awon da zai kashe ƙwaro da wanda zai ɓata lemo, ratar ba ta da faɗi.

Ga wani lissafin. Tun 1939 wani masani ɗan Amurka, A. C. Baker, ya kawo ma'aunin da ƙasashe da dama suka daɗe suna bi wajen amincewa da sabuwar hanyar kashe ƙudan 'ya'yan itace: sai ta kashe kashi 99.9968 cikin ɗari. Ku ɗauki biro ku gwada. A cikin ƙwari miliyan ɗaya, guda nawa ke nan aka yarda su tsira? Amsar ita ce 32. Ɗalibin da ya ci 99 cikin ɗari a jarrabawa shi ne zakaran aji, amma a wannan jarrabawar 99 faɗuwa ce, domin ta bar ƙwari 10,000 da rai a kowane miliyan.

An gudu ba a tsira ba

Tarihin turara lemo ya soma ne tun lemon yana kan bishiya. A shekarun 1880 wasu ƙwari masu manne wa rassa suna tsotse ruwansu sun kusa durƙusar da gonakin lemo a Kalifoniya. A 1886 wani masanin ƙwari, Daniel Coquillett, ya gwada lulluɓe bishiya da tanti ya saki gas ɗin sayanaid a ciki. Ƙwarin suka mutu, dabarar ta bazu. Da dare ake yi, domin an lura in aka yi da rana ganyen kan ƙone. Sai dai zuwa 1916 aka fara ba da rahoton cewa a wasu gonaki awon da ya saba kashe ƙwarin ya daina aiki. Abin da ya faru shi ne, 'yan kaɗan masu juriya da suka tsira su suka hayayyafa, suka gadar wa 'ya'yansu juriyar. Wannan na cikin misalai na farko da kimiyya ta rubuta na ƙwari masu bijire wa magani.

Daga shekarun 1950 aka koma turara lemon da aka tsinka da wani sinadari, etilin daiburomaid. Yana kashe tsutsar ƙuda da kyau, kuma bai cika ɓata 'ya'yan itace ba. Bayan shekaru ana amfani da shi, gwaji a kan dabbobi ya nuna yana haddasa ciwon daji, aka kuma riƙa samun ragowarsa a abinci da ruwan rijiyoyi. A 1983 da 1984 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bi shi mataki-mataki tana haramtawa.

Sai nauyin ya koma kan metil buromaid, wanda tun 1932 aka gano a Faransa cewa yana kashe ƙwari. Shi kuma nasa aibin a sama ya ɓulla. Can sama da inda gajimare ke tsayawa akwai wani rufi na iskar ozon da ke tare mana hasken rana mai cutar da fata da ido. A 1985 masana daga Birtaniya suka sanar cewa rufin ya zaizaye ƙwarai a saman yankin ƙanƙara na kudancin duniya. A 1987 ƙasashe suka sa hannu a Yarjejeniyar Montreal don daina amfani da sinadaran da ke cinye ozon, kuma a 1992 aka saka metil buromaid a jerin, domin sinadarin buromin da ke cikinsa ya fi kulorin ɓarna ninki da yawa. Aka ba ƙasashe masu arziki wa'adin 2005, masu tasowa kuma 2015. Amma an bar ƙofa ɗaya a buɗe: ana iya ci gaba da amfani da shi wajen turara kayan da za su ƙetare iyaka don hana yaɗuwar baƙin ƙwari, saboda ba a sami madadin da ya dace da kowane kaya ba. Har yau ta wannan ƙofar yake aiki.

Kuna iya ganin shaidar haka da idonku. In kun ga katakon ɗora kaya da ya zo daga ƙasar waje a kasuwa ko bakin wani sito, ku duba gefensa. Galibi akwai hatimi mai hoton zangarniyar alkama da wasu haruffa. In an rubuta MB, da metil buromaid aka turara katakon. In HT ne, da zafi aka gasa shi.

Hanyoyin da ake bi yanzu

Masana ba su zauna ba. Akwai gas ɗin fosfin, wanda ke hana ƙwayoyin halittar ƙwaro amfani da iskar da ya shaƙa. Ba ya taɓa ozon, amma yana bukatar lokaci mai tsawo, yana cin wayoyin jan ƙarfe, kuma wasu ƙwarin hatsi sun riga sun fara jure masa. Wanda ake sa wa ɗanyun 'ya'yan itace tatacce ne da ke zuwa a tukunyar ƙarfe, ana kuma sakinsa ne a ɗakin sanyi da na'urar awo. Akwai kuma etil fomet, sinadarin da ake samu ɗan kaɗan a wasu 'ya'yan itace tun asali. Yana saurin kashe ƙwarin da ke jikin ɓawo, kuma ba ya daɗewa yake narkewa. Da yake yana kama wuta, sai an gauraya shi da wata iskar da ba ta ci da wuta.

Duk da haka, tsutsar da ta nutsa can cikin lemo tana da wuyar cimma da gas. A nan sanyi ya fi tasiri. Ƙa'idar Amurka a kan ƙudan Bahar Rum ita ce a riƙe cikin lemon a digiri 1.11 ko ƙasa da haka na kwana 14, ko a digiri 2.22 na kwana 18. Tsutsar da ke addabar Afirka ta Kudu ta fi taurin rai: sai an sauko ƙasa da sifili, digiri 0.55 a ƙarƙashinsa, na kwana 22. Abin sha'awa, galibi a cikin jirgin ruwa ake yin wannan, ana tafiya ana kashewa. Ana soka ma'aunai a cikin 'ya'yan lemon, kwamfuta tana rubuta sanyin a kai a kai har a isa. In ya haura ƙa'ida a hanya, aikin ya ɓaci.

Sanyin ma yana da nasa tsadar. Yana cin lantarki, yana kuma iya yi wa ɓawo lahani, musamman na lemon tsami da garehul. A 2022 Tarayyar Turai ta wajabta wa lemon zaƙin Afirka ta Kudu wannan sanyi. Ƙasar, wadda a lokacin ita ce ta biyu a duniya wajen fitar da dangin lemo bayan Sifaniya, ta ce sharaɗin ya yi tsauri ba gaira ba dalili, ta kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Kun ga yadda tsutsa ta haɗa gwamnatoci shari'a.

Ina muka tsaya?

Alƙaluman FAO suna sanya Najeriya cikin manyan ƙasashe masu noman dangin lemo, amma kusan duka a gida muke shanye shi. Lemon da manyan motoci ke saukewa a Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano, mai yawa daga jihar Binuwai yake fitowa, kuma ba a turara shi, domin bai ƙetare iyakar da za a tambaye shi takarda ba. Amma ƙudan yana nan. A 2003 aka fara ganin wani baƙon ƙuda ɗan Asiya, Bactrocera dorsalis, a ƙasar Kenya, kuma cikin 'yan shekaru ya game yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, har da tamu. Yana cin mangwaro da gwaiba da lemo. Duk ranar da muka yi niyyar sayar da ɗanyen lemo ko mangwaro a manyan kasuwannin duniya, tambayar farko da za a yi mana a kansa ce, kuma hukumar NAQS mai kula da lafiyar amfanin gonar da ke shiga da fita ita za ta sa hannu a takardar.

Mun riga mun ɗanɗana sakamakon zuba magani ba awo. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari na daikulobos a cikinsa fiye da abin da dokarsu ta yarda, kuma aka yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Masu ajiyar waken sun kashe ƙwari, sun kuma kashe kasuwa.

A nan akwai gargaɗin da muke so ku kai gida. Ƙwayoyin maganin nan da ake sakawa cikin buhunan hatsi, gas ɗin fosfin suke fitarwa da zarar sun sha laima, kuma gas ɗin da ke kashe ƙwaro yana kashe mutum. Yana ratsa buhu, yana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, kuma an sha rasa rayuka a gidajen da aka kwana kusa da hatsin da aka sa wa shi. Ba a sa shi a ɗakin kwana ko ɗakin da ke jingine da shi, ba a sa shi a lemo ko wani ɗanyen abu, ba kuma aikin yara ba ne ko kaɗan. In kun ga ana shirin yin haka a gida, ku faɗa wa iyaye cikin ladabi, ku ba da shawarar a tuntuɓi malamin gona.

Abin da manomi zai iya yi ba tare da gas ba yana da yawa, domin rigakafi ya fi magani. Lemon da ya faɗo ƙasa shi ne gidan renon ƙuda, don haka a riƙa tsince shi a kai a kai, a ƙulle a baƙar leda mai kauri a bar shi a rana na wasu kwanaki, ko a binne shi da zurfi. Akwai tarkuna masu wani ƙamshi da ke janyo mazan ƙudan su faɗa ciki. Manoman lemo a kudancin Sin kuwa tun kimanin shekara 1,700 da suka wuce suke rataya sheƙar wasu tururuwa masu saƙa ganye a bishiyoyinsu don su kori ƙwari, kuma 'yan uwan waɗannan tururuwa suna nan a dazuzzukan Afirka ta Yamma.

Wanda kuma wannan fanni ya burge shi, ya riƙe ilimin halittu da na sinadarai da lissafi da kyau. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen kare amfanin gona. Akwai cibiyar NIHORT a Ibadan mai binciken 'ya'yan itace da kayan lambu, da NSPRI mai binciken adana amfanin gona, wadda hedikwatarta ke Ilorin, tana kuma da reshe a Kano.

Gwajin da za ku iya yi a makaranta

Wannan gwaji ba ya bukatar magani ko kaɗan. Ku nemi izinin malamin kimiyya, ku samo lemo ko gwaiba guda huɗu da suka faɗo daga bishiya, masu ɗan tabo ko laushi a gefe guda. Ku zuba busasshen yashi kamar tsayin yatsa a cikin manyan robobi biyu masu haske.

A roba ta farko ku sa guda biyu kai tsaye. Sauran biyun ku ƙulle su a baƙar leda, ku bar su a rana kwana uku kafin ku sa su a roba ta biyu. Ku rufe bakin kowace roba da ƙyalle marar kauri ku ɗaure da zare, ku ajiye a inuwa inda tururuwa ba za su kai ba.

Kullum ku leƙa ku rubuta abin da kuka gani. Bayan kwana goma ku tankaɗe yashin da rariya, ku ƙirga 'yan ƙwayoyi ruwan ƙasa masu kama da ƙwayar alkama. Su ne tsutsotsin da suka yi ɓawo. Ku mayar da su cikin robar ku rufe, ku ci gaba da lura har mako uku, ku ga ko ƙuda zai fito, kuma daga wace roba. In kun gama, ku zuba tafasasshen ruwa a robobin kafin ku zubar, don kada ku sakar wa gonar wani abin da kuka reno. Ku wanke hannu da sabulu, sannan ku aiko wa wannan shafi lissafin da ajinku ya samu, tare da sunan makarantarku.